Masu Rigar Algarara a Ƙasar Duwatsu Dubu

A Jami'ar Gadjah Mada da ke birnin Yogyakarta, a tsibirin Java na ƙasar Indunusiya, ba a miƙa wa ɗalibi takardar digirin farko sai ya je ƙauye ya zauna. Zama na sosai, kusan wata biyu, a gidan mutanen garin, ya ci abin da suke ci, ya yi wanka da ruwan da suke da shi idan akwai. Sunan tsarin Kuliah Kerja Nyata, amma ba mai wahalar da bakinsa, kowa KKN yake cewa. Darasi ne mai maki kamar sauran darussa, yana fitowa a takardar sakamako, kuma ana iya faɗuwa. Baƙin ɗalibai da suka je musayar karatu daga wasu ƙasashe ana ba su damar shiga, ni ma ta wannan ƙofa na shiga, ina ɗalibin kiwon dabbobi.

Abin yana da tushe. An kafa jami'ar ranar 19 ga Disamba, 1949, lokacin da ƙasar ke fita daga yaƙin ƙwatar 'yanci da Holan, ko ajujuwa babu, sai Sarkin Yogyakarta na lokacin, Hamengkubuwono na tara, ya ba da wani sashe na gaban fadarsa aka riƙa karatu a ciki. A 1951 aka fara tura ɗalibai tsibiran nesa su koyar a makarantun sakandare da ba su da malamai. Cikin rukunin farko da ya tafi Kupang, can tsibirin Timor, akwai wani saurayi, Koesnadi Hardjasoemantri, wanda daga baya ya zama shugaban jami'ar. Wannan aikin koyarwa ya ci gaba har 1962. A 1971 aka dawo da shi da sabon salo, aka gwada a jami'o'i uku, Gadjah Mada da Hasanuddin ta Makassar da Andalas ta Padang, daga nan ya bazu ƙasar. Wato ya girmi bautar ƙasar Najeriya, wadda Janar Gowon ya kafa a 1973, da shekara biyu. Bambancin shi ne tamu sai an gama karatu ake yin ta, tasu kuwa tana cikin karatun, malami na biye da kai da biro.

Birnin kansa ya isa a yi masa labari daban. Sarkin yanzu, na goma, shi ne gwamnan lardin, ba a zaɓensa, doka ce ta tabbatar masa da kujerar a tsakiyar jamhuriya. Daga arewa dutsen Merapi ke leƙo garin yana hayaƙi, wanda amansa na 2010 ya kashe mutum fiye da 300. Kusa da tashar jirgin ƙasa ta Tugu ana sayar da kofi da ake tsoma garwashi mai ci a cikinsa, ya yi cuu a gabanka, a ce ka sha. A can ne kuma abokan karatuna suka yi dariya har da riƙe ciki da na nuna mamakin ganin Indomie a kanti na ce ashe kayanmu sun iso nan. Tasu ce tun asali, mu ne muka ara muka yafa.

Ranar tafiya kowa ya sa rigar jami'a, wata kwat mai launin ƙasa-ƙasa da su kansu ɗaliban ke kira launin buhun algarara. An haɗa mu rukuni, da gangan aka gwamutsa fannoni: masu karatun lafiya, masu injiniya da kimiyya, masu shari'a da zamantakewa, sai mu na noma da kiwo. Aka ba mu malama guda mai kula da mu, aka karkasa mu unguwa-unguwa. Wasu rukunan jirgin sama suka hau zuwa Papua ko Maluku, don ƙasar tsibirai ce fiye da 17,000. Mu namu rabon Gunungkidul ne, tafiyar kimanin kilomita 40 zuwa babban garinsu Wonosari, daga nan a gangara kudu wajen teku.

Duk wanda ya ga Java a hoto ya ga gonakin shinkafa kore shar, ruwa na kwance a cikinsu. Haka take a kwari. Amma da mota ta haura tudun Patuk ta ci gaba kudu, sai ƙasa ta sauya fuska. Tsaunuka ne ƙanana masu zagayayyen kai, ɗaya bayan ɗaya har iya ganinka, shi ya sa ake ce wa yankin Gunung Sewu, Duwatsu Dubu, kuma a 2015 UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ta amince da su saboda muhimmancin duwatsunsu. Lokacin rani muka je. Itatuwan jati, waɗanda ake katako mai tsada da su, sun zubar da ganye sun tsaya tsirara, jar ƙasa ta tsattsage, manoma sun jera duwatsu hawa-hawa a jikin kowane tudu don tare 'yar ƙasar da ruwa bai kwashe ba.

Nan na ga abin da ya fi ba ni mamaki a duk tafiyar. Yankin yana samun ruwan sama kusan milimita 2,000 a shekara, ninkin na Kano ko fiye, amma da rani sayen ruwa ake yi a tanka. Dutsen wurin na farar ƙasa ne, duk ramuka, ruwa na sauka yake zurarewa ƙasa. Ba rafi a sarari, rijiya ba ta kai wa ruwa, tafkunan da suke kira telaga suna ƙafewa wata biyu ko uku bayan ɗaukewar damina. Koguna suna nan, amma a ƙarƙashin ƙafarka suke gudu cikin duhu har su faɗa teku. Wani dattijo ya kai mu bakin wani rami a bayan gonarsa, ya ce mu yi shiru. Can ƙasa, nesa, ana jin gurnanin ruwa. Shi kuwa a makon nan ya sayar da akuya ya biya tanka.

An yi ƙoƙarin kamo ruwan. A wani wuri da ake kira Bribin, injiniyoyin Indunusiya da na Karlsruhe ta Jamus sun haƙa rami mai zurfin kimanin mita 100, suka gina madatsa a cikin kogon, ta yadda ƙarfin ruwan da kansa zai juya famfo ya turo wani kaso sama, ba dizal ba lantarki. Amma bututu bai kai kowace unguwa ba. A tamu, kowane gida yana da tankin siminti babba a gefen ɗaki, indararo na zuba ruwan rufi a ciki da damina, in ya ƙare a kira tanka mai lita 5,000.

To ka ga inda lissafin taimako ya fara karkacewa. Mu da muka zo taimakon masu ƙarancin ruwa, mu ne muka ƙara bakuna a kan tankin mai unguwa, wanda kowa ke kira Pak Dukuh. Samari da 'yan matan birni, masu wanka safe da yamma. Matarsa ba ta ce uffan ba, don Bajawe ya gwammace ya haɗiye magana da ya kunyata baƙo. Wata ɗalibar injiniya ce ta zura sanda a tankin ta auna, washegari ta sake aunawa, ta zo ta ajiye mana lissafi a faranti. Muka yi karo-karo muka kira tanka, muka kafa dokar moɗa. Wannan bai shiga rahoton kowa ba, amma ina ganin shi ne aikin kimiyya mafi tsafta da rukuninmu ya yi.

Makon farko ba a yarda ka fara komai ba. Yawo za ka yi gida-gida, ka tsaya a ƙofa ka nemi izini, a shimfiɗa maka tabarma, a kawo shayi mai zaƙi kamar me, ka yi tambaya ka rubuta. Daga nan kowa ya tsara abin da zai yi, a kai gaban taron unguwa, su amince ko su gyara, sannan malama ta sa hannu. Kowace sa'a da ka yi aiki sai ka shigar da ita a rajista. Ba a barin gari sai da izini.

Wannan yawo da littafi a hannu ya tayar mini da wani tsohon tunani. Ina yaro na sha ganin baƙi, Turawa da 'yan birni, suna sauka garinmu da irin wannan littafin, su tambayi sau nawa muke cin abinci, su shafa kan yara, su tafi. Mun san yadda ake amsa musu: ka faɗi abin da kake jin suna so, ka rage kaɗan a dukiya, ka ƙara kaɗan a wahala. Yanzu ga ni a ɗaya gefen tabarmar. Na gane irin murmushin nan da ake yi mini, don ni ma na taɓa yin sa. Abin da ya cece mu shi ne yawancin rukunin 'yan ƙasa ne, da dama suna jin Javanci, har da salon girmamawa da ake yi wa manya magana da shi, kuma ba kwana ɗaya za mu yi ba. Ƙarya ta ladabi ba ta jure mako uku a gida ɗaya.

Da idona ya buɗe sai na ga ƙauyen a shirye yake tun kafin a haife mu. A jikin ƙofar kowane gida an rataye ɗan gwangwani. Kullum da yamma uwargida za ta zuba shinkafa cikin cokali ɗaya ko biyu, ko ta jefa tsabar kuɗi. Da dare mazan da ke da juyin sintiri su taru a wata 'yar rumfa a bakin hanya, su yi hira, su buga karta, can tsakar dare su zaga gida-gida suna juye gwangwanayen a jaka. Suna kiran abin jimpitan. Abin da aka tara shi ake sayen kwan fitilar titi, kujerun taro, ko a kai wa gidan da aka yi rasuwa. Dubi dabarar: in gari ya waye ka tarar da shinkafarka a gwangwani, ka san 'yan sintiri ba su zo ƙofarka ba, kuma za a yi maganar a taro. Asusu ne, kuma rajistar aiki ce, ba takarda ba sakatare. A rumfar akwai wani guntun ice da aka rarake cikinsa aka rataye, kowane irin bugu da ma'anarsa, na gobara daban, na ɓarawo daban, na mutuwa daban. An sa ni a juyin daren Laraba. Ni ne mai riƙe jaka, don in ji su dogo ya fi saurin kai hannu.

Haka ranar awon yara, wadda ake yi sau ɗaya a wata a barandar mai unguwa. Suna ce mata posyandu. Matan unguwar ne ke gudanar da ita, 'yan sa-kai da aka horar, ba albashi. An ɗaura sikeli irin na 'yan hatsi a jikin azara, an rataya zani a ƙugiyarsa, a saka jariri a ciki yana tsala ihu, wata ta matsar da dutsen awo, wata ta rubuta a littafin uwa da ɗa mai ruwan hoda wanda kowace uwa ke zuwa da nata. In layin nauyin yaro ya kwanta wata biyu a jere, sun san gidan da za su je. A ƙarshe a raba wa yara kunun koren wake da madarar kwakwa. Ɗalibanmu na lafiya sun zo da allunan wayar da kai a kan tsumburewar yara, suka tarar matan sun san kowane yaro da ke cikin haɗari da sunansa da dalilinsa: wannan uwarsa na aikatau a Jakarta, kaka ce ke riƙonsa, wancan ba ya cin komai sai taliyar leda. Sai suka naɗe allunan suka kama aikin awon jini na tsofaffi, wanda shi ne matan suka ce suna buƙatar hannu a kai.

Ni aikina na wajen shanu. Kusan kowane gida na da saniya ɗaya ko biyu a ɗaure a bayan ɗaki, ba a kiwo a sake, yankan ciyawa ake a kawo musu. Saniyar ita ce bankin gida. Da rani ciyawa ta ƙare, sai a koma sayen ɗanyen karan masara da manyan motoci ke haurowa da shi daga kwari, har manoman na cewa a nan saniya ce ke cin saniya, wato a sayar da maraƙi a ciyar da uwarsa. Harawar gyaɗa suna adana ta a saman garke, kusan yadda muke yi a kan rufi, don haka ban zo musu da labari a nan ba. Abin da muka gwada tare da ƙungiyar makiyayan unguwar shi ne jiƙon abincin dabba: a daddatse karan masara da ganyen rogo, a barbaɗa dusar shinkafa, a yayyafa baƙin ruwan rake mai danƙo da ke saura a masana'antar sukari, a danna a manyan robobi shuɗɗa har iska ta fita, a rufe ruf mako uku. In ya yi kyau, ƙamshi mai ɗan tsami yake yi, kuma yana ajiyuwa watanni. Wani tsoho ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ta bakin mai fassara, yana kira na Mas yadda suke kiran saurayi: "Mas, abin ya yi. Amma lokacin da ganye ya yi yawa, lokacin ne hannu ya yi kaɗan. Wa zai zauna datsa?" Gaskiyarsa. Daga wannan tambaya ɗaliban injiniya suka shiga gyaran wata tsohuwar na'urar datsa da ke kwance a bayan ofishin gari, wadda wani shiri na baya ya kawo aka bar ta ta yi tsatsa saboda bel ɗaya.

Abinci bai ba ni wahala ba yadda na zata. Shinkafa a nan ta tudu ce, sau ɗaya a shekara, don haka tsofaffi sun tashi ne da rogo. Ana ɓare shi a shanya a gefen hanya har ya bushe ƙayau, a daka, a yayyafa ruwa a murza a faifai ya zama tsaki-tsaki, a turara. Tiwul ke nan, ɗan'uwan dambu ne sak, sai dai da kwakwa ake ci. Da abincin talauci ne da ake jin kunyarsa, yanzu 'yan birni na tsayawa da mota su saya a kwali. Ranar da na fi samun daraja kuwa ita ce ranar da aka kawo fara. Mutanen Gunungkidul na kamo ta a itatuwan jati da doguwar sanda, su soya da tafarnuwa, kuma tsada gare ta. An ajiye farantin ana satar kallona, ana jiran baƙo ya yamutsa fuska. Abokaina 'yan Jakarta suka ja da baya. Ni kuwa na fizge ƙafafu da fiffike na kama aiki, har na tambaya ko akwai yaji. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa.

A masallaci ma an sha kallo. Kafin kiran salla sai a doki wata ƙatuwar ganga da ke rataye a baranda. Mazhabar Shafi'i suke bi, liman na bayyana bisimilla, da asuba a yi alƙunutu a bayyane bayan ruku'u, hannuwa a sama. Mata na zuwa jam'i cikin fararen lulluɓi tun daga kai har ƙafa. Ni da na saki hannu yadda na taso, bayan sallama wani dattijo ya matso ya riƙe kafaɗata a hankali yana tambaya ko ciwo take yi, yana da man shafawa. Da la'asar yara na zuwa karatun Alƙur'ani da wasu ƙananan littattafai shida da ake kira Iqro, waɗanda wani malamin Yogyakarta, As'ad Humam, ya tsara, yaro ya fara haɗa baƙi da wasali tun shafin farko. Nan ne kaɗai wurin da ban buƙaci tafinta ba. Iyayen kuwa tambayarsu ɗaya, shekara nawa ake jira a ƙasarmu kafin a samu kujerar Hajji, domin su mutum kan biya kuɗin ajiya ya jira shekara ashirin, talatin, duk da cewa kason ƙasarsu ya fi na kowa yawa.

Ba zan ce duk abin da ɗalibai ke yi a irin wannan zama yana da amfani ba. A mararrabar unguwarmu akwai allunan katako masu nuna hanyar gidan mai unguwa da masallaci, na rukunan shekarun baya, kowanne da tambarin masu shi, wani ya karkace, wani gara ta ci. A garin da kowa ya san gidan kowa. Allo yana da sauƙi, yana fitowa a hoto, yana cika sa'o'i a rajista. Mutanen gari sun san haka sarai, kuma suna karɓa da godiya, domin su a wajensu ribar tana wani wuri: yara sun ga 'yar manomi irinsu da ke karatun likita, an samu masu taya shirya bikin 'yancin kai na 17 ga Agusta, gari ya yi ɗumi na ɗan lokaci bayan samarinsa sun tafi ci-rani. In aka auna da sikelin gaskiya, ɗalibi ya fi ƙauye cin riba nesa ba kusa ba. Ban ga aibu a nan ba matuƙar an faɗe shi a fili. Ƙasa ce ke biyan kuɗin kada injiniyanta na gobe ya zana bututu bai taɓa wanka da moɗa uku ba, ƙauye kuma shi ne malamin da ba a rubuta sunansa a jadawali.

Bayan mun koma birni aka yi jarrabawar baki. Na shiga da rahotona mai kauri, da jadawalin sinadaran abincin dabba da na sha wahalar haɗawa. Malama ta ajiye shi gefe ba ta buɗe ba.

"Mas, robobin nan a gidan wa suke?"

Na faɗa mata.

"Wa zai sayo ruwan raken in wanda kuka bari ya ƙare, kuma da kuɗin wa?"

Na ce ƙungiyar makiyaya ta amince a riƙa cira daga kuɗin taronsu na wata-wata, ma'ajinsu ya rubuta a littafi a gabana.

"Bel ɗin na'ura fa, in ya sake tsinkewa?"

Na ce akwai na ajiya guda a rataye a jikinta, kuma mai gyaran babur na bakin kasuwa ya san lambarsa.

Ta rubuta wani abu a takardarta, ta ce baɗi za ta sake kai wani rukuni garin, aikinsu na makon farko shi ne su buɗe robobin su gaya mata abin da suka tarar a ciki. Sannan ta ce in turo mata na gaba.